Miedzianka: Yadda Garin Tagulla Ya Zama Kufai

A kudu maso yammacin ƙasar Poland, kusa da iyakarta da Jamhuriyar Czech, akwai wani tudu da ke kallon kogin Bóbr. Wanda ya hau shi a yau zai tarar da coci ɗaya a tsaye da 'yan gidaje ƙalilan, sauran fili kuwa ciyawa da bishiyoyi sun cinye shi. Nan ne dandalin kasuwar wani gari da ya rayu sama da shekara 600. Jamusawa suna kiransa Kupferberg, wato Dutsen Tagulla. Mutanen Poland suka raɗa masa Miedzianka, daga kalmar tagulla a harshensu, kuma ana furta sunan kusa da "Miyejanka".

An saba cewa garin ma'adinai yana mutuwa ne ranar da ma'adinin ya ƙare. Tarihin Miedzianka bai bi wannan ƙa'ida ba. Tagullarsa ta sha yin ƙasa, wuta ta cinye shi fiye da sau ɗaya, masu mulkinsa sun sauya sau da dama, amma kowane karo ya sake miƙewa. Ya ɓace ne a cikin shekara 30 da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a lokacin da babu wanda ya harba masa ko harsashi. Dalilin hakan shi ne abin da za mu bi diddiginsa.

Wurin da abin da ke ƙarƙashinsa

Miedzianka yana yankin Silesiya ta Ƙasa, a gefen tsaunukan Rudawy Janowickie, wani ƙaramin reshe na jerin tsaunukan Sudety. Tudun ya kai kimanin mita 500 sama da teku. Birnin Jelenia Góra yana yamma da shi, tafiyar 'yan kilomita, ƙauyen Janowice Wielkie kuma yana gindinsa a bakin kogi. Ƙasar wurin ba ta noma ba ce sosai, ga sanyi mai tsanani, ga wahalar hawa. Abin da ya kai mutane can shi ne jijiyoyin ma'adini da suka ratsa dutsen, masu ɗauke da tagulla da ɗan abin da ba a rasa ba na azurfa.

Irin wannan ma'adini ba ya shimfiɗe wuri ɗaya. Siririyar jijiya ce da maihaƙi zai bi cikin dutse, ta yi kauri a nan, ta tsuke a can, wani lokaci ta yanke gaba ɗaya. Saboda haka arzikin garin ya kasance mai zuwa da komawa. Kuma tun da jijiyoyin suna ƙarƙashin tudun da aka gina gidaje a kansa, kowane ƙarni ya bar nasa ramukan a ƙasan ɗakunan kwanan mutane.

Ƙarni shida na faɗuwa da tashi

Rubutu mafi daɗewa da ya ambaci wurin na shekarar 1311 ne, da harshen Latin, a zamanin da sarakunan gidan Piast na Poland ke riƙe da yankin. Kafin ƙarshen wannan ƙarni yankin ya koma ƙarƙashin masarautar Bohemiya. A 1519 Sarki Louis na Biyu, mai sarautar Bohemiya da Hangari, ya ba wurin matsayin gari mai 'yancin haƙar ma'adinai. Wannan ne lokacin da tauraronsa ya fi haskawa. Shekara bakwai bayan haka sarkin ya rasu a yaƙin Mohács da Daular Usmaniyya, Silesiya ta faɗa hannun gidan sarautar Habsburg na Ostiriya.

Daga nan masifu suka fara jeruwa. A lokacin Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya ɗaiɗaita tsakiyar Turai daga 1618 zuwa 1648, sojojin Kuroshiya sun ƙone garin a 1637. Mazauna suka dawo suka sake gini. A 1742 Sarki Frederick na Biyu na Prusiya ya ƙwace mafi yawan Silesiya daga Ostiriya, Kupferberg ya wayi gari da sabon mai mulki. A 1824 wata gagarumar gobara ta lashe yawancin gidajensa, aka sake ginawa. Da layin dogo ya iso yankin a 1867, ta kwarin kogi ya bi, tashar ta sauka a ƙauyen da ke gindin tudu, ciniki ya bi ta can.

Haƙar tagullar ma ta yi ta tsayawa ana farfaɗo da ita, har aka daina a shekarun 1920. Duk da haka garin bai watse ba. Mutanensa, waɗanda ba su kai dubu ba, sun riga sun koyi rayuwa ba tare da rami ba. Suna da sana'o'in hannu da kantuna, da masana'antar giya da ta yi suna a kewaye, da masaukan baƙi masu zuwa shan iskar tsauni. Iyalai sun san kabarin kakanninsu, sun san gefen da ƙasa ke da rauni, sun san bangon da ke bukatar gyara kafin hunturu. Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya wuce, gine-ginen suna nan lafiya.

Shekarar da aka sauya mutane

A taron Potsdam na 1945, Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka sa yankunan Jamus da ke gabas da kogunan Oder da Neisse a hannun Poland, ita kuma Poland ta rasa yankunanta na gabas ga Sobiyet. Miliyoyin Jamusawa aka kwashe zuwa yamma, mutanen Kupferberg na cikinsu. A gidajensu aka zaunar da 'yan Poland, wasu daga tsakiyar ƙasar, wasu daga yankunan gabas da su ma aka raba su da su. Aka sauya sunan wurin, ya kuma rasa matsayinsa na gari.

Ya kamata a yi wa sababbin mazauna adalci. Mutane ne da yaƙi ya tagayyara, aka ba su gidajen da ba su gina ba, a ƙasar da ba su da kabari ko ɗaya a cikinta. Rubutun da ke jikin bango da duwatsun maƙabarta da harshen waɗanda suka mamaye ƙasarsu jiya yake. Sannan babu mai tabbacin iyakar za ta ɗore. Jamus ta Yamma ba ta amince da ita ba sai a yarjejeniyar Warsaw ta Disambar 1970, ba a kuma rufe maganar baki ɗaya ba sai a 1990. Wanda ke zaton gobe za a ce ya tashi, da wuya ya kashe kuɗinsa a kan rufin ɗaki. Haka gidaje suka yi ta lalacewa a hankali, hukuma kuma ba ta ɗauki gyaran gadon Jamusawa a matsayin abin gaggawa ba.

Yuraniyom

A daidai wannan lokaci ne Tarayyar Sobiyet ke fafutukar ƙera makamin nukiliya don ta kamo Amurka, tana neman yuraniyom duk inda ikonta ya kai. A 1947 ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Poland, aka kafa wani kamfanin sirri a garin Kowary da ke kusa, wanda daga baya aka sani da R-1. Masu bincike suka gano cewa jijiyoyin Miedzianka suna ɗauke da yuraniyom, ma'adinin da mahaƙan da ba su da abin yi da shi. Daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon na 1950 aka buɗe tsoffin ramuka, aka haƙa sababbi, ana kwasar abin da aka samu zuwa Sobiyet.

Aikin na gaggawa ne, kuma a ɓoye, jami'an tsaro na sa ido a kan kowa. Albashi ya fi na sauran wurare, saboda haka ma'aikata suka yi ta zuwa. Sun yi aiki cikin ƙurar dutse da iskar radon mai illa ga huhu, ba tare da an bayyana musu haɗarin ba. Cikin 'yan shekaru aka ga abin da ya rage bai kai a ci gaba da wahala a kansa ba, aka rufe aka tafi.

Rami ba ya zama yadda aka bar shi. Idan aka kashe injinan zuƙe ruwa, ruwa yakan cika hanyoyin ƙasa, katakon da ya tokare rufinsu ya ruɓe, dutsen da ke sama ya fara zama. A Miedzianka sababbin ramuka sun haɗu da na ƙarnonin baya, waɗanda masu saninsu suna can Jamus. Bango ya fara tsagewa, ƙasa ta riƙa buɗe baki a gonaki da bayan gidaje.

Hukuma tana da zaɓi biyu: ta cike ramuka ta gyara gine-gine, ko ta kwashe mutane. Ta ɗauki na biyu, domin ya fi araha. Aka hana gyara, aka fara rushe gidaje ɗaya bayan ɗaya. A shekarun 1960 aka tarwatsa cocin Furotesta da nakiya. Zuwa farkon shekarun 1970 an mayar da yawancin mazauna sababbin benaye a unguwar Zabobrze ta Jelenia Góra, masana'antar giyar ma ta rufe. Da yawa sun tafi da murna, domin a can akwai famfo da banɗaki a cikin gida.

Tagulla ta koma arewa

Abin lura shi ne, a shekarun da ake rushe Dutsen Tagulla ne Poland ta zama babbar ƙasar tagulla. A ranar 23 ga Maris 1957, masanin duwatsu Jan Wyżykowski ya gano wani makeken shimfiɗin ma'adini kusa da ƙauyen Sieroszowice, ƙasa da kilomita 100 arewa da Miedzianka. A 1961 aka kafa kamfanin da ake kira KGHM a yau, a 1968 mahaƙun Lubin da Polkowice suka fara aiki. Lubin ya tashi daga ƙaramin gari zuwa birni mai dubban gomomin mutane, KGHM kuma ya shiga sahun manyan masu samar da azurfa a duniya. Gwamnatin da ke gina sababbin birane a kan wannan arziki ba ta ga dalilin ceto wani tsohon tudu mai tsagaggen bango ba.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga abin da ya bambanta 1637 da 1824 daga shekarun 1960. A karo biyun farko ɓarnar ta fi muni, amma waɗanda suka tsaya a kan tokar suna ganin wurin nasu ne, kuma ƙasar da za su yi gini a kanta tana da ƙarfi. A karo na ƙarshe an raba garin da masu saninsa bayan yaƙin, aka rarake ƙasansa bayan 'yan shekaru, sannan shawarar makomarsa ta koma hannun jami'an da lissafin kuɗi kawai ke gabansu.

A 2011 ɗan jarida Filip Springer ya wallafa littafi a kan ɓacewar garin, bayan ya bi tsoffin mazaunansa na Jamus da na Poland ya ji ta bakinsu. Littafin ya karɓu ƙwarai, mutane suka fara hawa tudun don su ga inda abin ya faru. A 2015 aka buɗe sabuwar ƙaramar masana'antar giya, a 2017 kuma aka fara shirya bikin adabi a can lokacin bazara. Masu karatu kan zauna a kan ciyawar da ta rufe dandalin kasuwa, kusa da cocin Katolika da ya tsira. Wasu daga cikin masu zuwa jikokin waɗanda aka kwashe bayan yaƙin ne, wasu kuma 'ya'yan waɗanda aka mayar Zabobrze, kowa na neman inda ƙofar gidansu take.