Yawon Kallon Namun Ruwa a Tafkin Madarumfa: Darasi Daga Gaɓar Teku Kan Jiragen Gudu da Kwale-kwalen Masunta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yiwuwar kafa yawon kallon tsuntsaye da sauran halittun ruwa a Tafkin Madarumfa da ke Jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. An ɗora nazarin a kan abin da ya faru a ƙasashen gaɓar teku, inda ake kai baƙi kallon dabbar dolfin a jiragen inji da baburan ruwa. An bi hanyar kwatanta sakamakon binciken da aka wallafa da yanayin tafkin, tare da lissafin faɗinsa. Sakamakon ya nuna cewa gudu da ƙara da yawan jirage su ne ke korar dabbobin da aka je kallo, kuma ƙaramin tafki marar zurfi ya fi teku saurin cutuwa. Maƙalar ta ba da shawarar a gina wannan sana'a a kan kwale-kwalen masunta da saninsu, kuma a shimfiɗa doka kafin injuna su iso.

Muhimman kalmomi: Madarumfa, yawon buɗe ido, babur ɗin ruwa, tsuntsayen ruwa, masunta, Ramsar.

1.0 Gabatarwa

Kallon namun ruwa ya zama babbar sana'a a duniya. Wani rahoto da aka fitar a 2009 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2008 mutane kusan miliyan 13 ne suka fita kallon dolfin da manyan dabbobin teku danginsa a ƙasashe da yankuna 119, suka kashe fiye da dala biliyan 2. A wasu gaɓoɓin, ana yin wannan yawo ne a kan babur ɗin ruwa, wato ɗan ƙaramin jirgin da ake hawa kamar babur, jagora a gaba, baƙi na biye da shi a jere.

Ƙasar Hausa ba ta da teku, amma tana da tafkuna da madatsun ruwa, kuma duk inda ruwa ya taru kusa da babban gari, ba a daɗewa sai masu jari su fara tunanin wurin shaƙatawa. Madarumfa tana kudu da Maraɗi, cibiyar kasuwancin Nijar, da tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota. Saboda haka tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: wane irin yawon ruwa ne tafkin zai iya ɗauka ba tare da ya rasa abin da ya sa ake zuwa ganinsa ba?

2.0 Hanyar Bincike

An yi amfani da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce bitar ayyukan masana kan tasirin jirage a kan dolfin da tsuntsayen ruwa a Ostireliya da Zanzibar da Amurka. Ta biyu ita ce ɗora ma'aunan da waɗannan ayyuka suka fitar a kan faɗin tafkin kamar yadda aka yi masa rajista. An zaɓi tsuntsaye a matsayin abin kwatanci domin su ne abin kallo na farko a Madarumfa, kuma suna da hali ɗaya da dolfin a abin da ya shafi wannan bincike: suna da lokacin kiwo da lokacin hutu, kuma duk tashin da aka yi musu yana cinye musu ƙarfi.

3.0 Tafkin Madarumfa da Masu Amfani da Shi

Tafkin yana samun ruwansa ne daga ruwan sama da Gulbin Gabi da ambaliyar Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina a Najeriya. Tun da aka gina madatsar Jibiya a farkon shekarun 1990, yawan ruwan da ke gangarowa ta wannan kwari ya danganta da abin da ake yi a ɗaya ɓangaren iyaka. Tafkin yakan cika ya bazu da damina, ya ja da baya da rani, kuma ko a cikarsa zurfinsa 'yan mitoci ne kawai.

Darajarsa ta samu shaida sau biyu a idon duniya. A 2006 Nijar ta sa tafkin da gandun dajin Madarumfa da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya. A watan Disamba na 2019 kuma aka sa shi cikin jerin dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, da faɗin hekta 524. Wannan yarjejeniya, wadda aka ƙulla a Iran a 1971, Nijar ta shige ta a 1987, ba ta hana amfani da dausayi ba. Abin da ta shardanta shi ne a yi amfani da shi cikin hikima, yadda ba zai lalace ba.

Masu amfani da tafkin sun kasu kashi huɗu. Akwai masunta da ke kama karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, da mata masu soya kifi da ƙyafe shi, da dillalan da ke kai shi kasuwannin Maraɗi. Akwai masu noman rani a gefen da ruwa ya janye. Akwai makiyaya masu shayar da dabbobi. Akwai kuma masu ziyarar kaburburan waliyyai, waɗanda ke zuwa don addu'a da neman tabarraki. A kan waɗannan duka ga tsuntsaye: balbela da zalɓe da agwagin ruwa na gida, da baƙin da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a dausayoyin Sahel. Duk wani sabon amfani da za a kawo, a cikin waɗannan zai nemi gurbi.

4.0 Abin da Gaɓar Teku ta Koyar

4.1 Yawan jirage

A Shark Bay ta yammacin Ostireliya, Bejder da abokan aikinsa sun wallafa a 2006 sakamakon bin diddigin dolfin na shekaru masu yawa. Lokacin da jirgin yawo ɗaya ne ke aiki, ba a ga canji mai yawa ba. Da suka zama biyu, sai yawan dolfin a wurin ya ragu da kimanin ɗaya cikin bakwai. Muhimmancin wannan sakamako shi ne jiragen suna da lasisi kuma suna bin ƙa'ida. Ƙaruwar zirga-zirga kaɗai ta isa ta sa wasu dabbobin ƙaura.

A Kizimkazi ta kudancin Zanzibar, inda yawon dolfin ya fara a farkon shekarun 1990, masunta da dama sun koma jigilar baƙi, kuma sana'ar ta maye gurbin farautar dolfin da ake yi a da. Wannan riba ce ta gaske. Sai dai bincike ya nuna cewa idan jirage suka kewaye garke, dabbobin sukan rage hutu da kiwo, su ƙara tafiya. A Hawai matsalar ta kai ga hukuma ta kafa doka a 2021 da ta hana kusantar wani nau'in dolfin mai hutawa da rana ƙasa da yadi 50.

4.2 Babur ɗin ruwa da tsuntsaye

Babur ɗin ruwa ya bambanta da sauran jirage ta fuska uku. Ba shi da farfela a waje, yana zuƙar ruwa ne ya feso shi ta baya, don haka yana shiga ruwan da bai kai ƙugu ba, inda tsuntsaye ke kiwo kuma kifi ke ƙwai. Yana canza hanya ba zato, dabba ba ta iya hasashen inda zai bi. Ƙararsa kuma hawa da sauka take yi yayin da yake tsalle a kan ruwa.

A 1998 Burger ta nuna a jihar New Jersey cewa baburan ruwa suna tayar da tsuntsaye daga sheƙunansu fiye da sauran jiragen inji, musamman idan suna gudu kusa da tsibirin da suke ƙwai. A 2002 Rodgers da Schwikert sun auna tazarar da tsuntsaye ke tashi a Fulorida, suka ba da shawarar a bar mita 180 tsakanin jirgi da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu irin zalɓe, da mita 100 ga ƙananan tsuntsayen bakin ruwa. A shekarar 2000 hukumar gandayen ƙasa ta Amurka ta hana baburan ruwa a mafi yawan wuraren da take kula da su. Tsofaffin injuna masu haɗa fetur da baƙin mai suna da wata illar: suna zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mansu a ruwa bai ƙone ba, abin da ya sa aka hana su a Tafkin Tahoe na Amurka tun 1999. Sababbin injuna sun fi tsafta, amma kasuwar yankinmu ta fi karɓar na hannu.

5.0 Tattaunawa

Hekta 524 kusan murabba'in kilomita biyar da kwata ne. Da tafkin da'ira ne, faɗinsa daga gefe zuwa gefe zai kai kilomita 2.6. Babur ɗin ruwa mai gudun kilomita 60 a awa zai ratsa shi cikin ƙasa da minti uku. Idan aka ware mita 180 daga gaɓa ta ko'ina, kimanin kashi 26 cikin ɗari na ruwan ya fita daga hannun masu gudu. Wannan lissafi ma ya yi sauƙi, domin gaɓar tafki ta gaske tana da lunguna da ke ƙara mata tsawo, kuma da rani ruwan yana raguwa. A abin da ya saura ne masunta ke shimfiɗa taru da kafa ƙugiyoyi, inda ratsawar babur ɗaya za ta iya yanke kayan da mutum ya ci bashi ya saya.

Akwai kuma bambanci tsakanin teku da tafki wanda ya kamata a tsaya a kansa. Dolfin da aka dama a Shark Bay ya koma wani ɓangaren teku. Tsuntsun da aka kora daga Madarumfa a tsakiyar rani, lokacin da ƙananan tafkunan yankin suka ƙafe, sai ya yi doguwar tafiya kafin ya samu wani ruwa. Baƙin tsuntsaye kuwa a watannin ƙarshen hunturu suke tara kitsen da za su ƙetare Sahara da shi. Lokacin nan ne kuma ya fi daɗin yawo ga ɗan Adam, don haka lokacin ciniki da lokacin da tsuntsaye suka fi rauni sun haɗu. Rashin zurfi ya ƙara tsananta lamarin, domin feshin injin yana tayar da laka, ruwa ya gurɓace, hasken rana ya kasa kaiwa ga ciyawar da ƙananan kifaye ke fakewa a ciki. Teku yana wanke man da ya zuba. Tafkin da ba ya gudu yana riƙe shi, kuma daga nan shanu ke sha.

Ta fuskar tattalin arziki, babur ɗin ruwa kaya ne mai tsada, ana shigo da shi da kayan gyaransa daga waje, kuma yana ɗaukar mutum biyu ko uku. Ribarsa ta mai jari ce. Kwale-kwale kuwa yana nan a tafkin, masu tuƙa shi sun san inda tsuntsaye ke kwana da inda kifi ke taruwa, kuma shirunsa yana ba baƙo damar kusantar abin da ya zo gani. Nijar tana da misalai a gida. A Ayoru, a da, a kwale-kwale ake kai baƙi kallon dorina a Kogin Kwara. A Kure mutanen ƙauyukan yankin ne suka kafa ƙungiyar jagorori masu kai baƙi wurin raƙuman dawa, kuma samun kuɗi daga dabbar ya taimaka wajen kare ta.

Kure ta bar wani darasi mai ɗaci. Harin 9 ga Agusta 2020, wanda ya hallaka mutum takwas, ya durƙusar da zuwan baƙi daga waje. Yankin Madarumfa ma yana fama da 'yan bindigar kan iyaka. Saboda haka sana'ar da za ta ɗore ita ce wadda ta dogara da baƙin gida: iyalai daga Maraɗi a lokacin sallah, 'yan makaranta, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da masu ziyarar waliyyai. Waɗannan na ƙarshe natsuwa suke nema a bakin ruwa, kuma haƙƙinsu ya riga na mai neman nishaɗi.

6.0 Shawarwari

Na ɗaya, hukumar gari da ma'aikatan gandun daji da sarakunan gargajiya su fitar da doka da ta hana baburan ruwa da tseren jirage a tafkin, a bar inji ga aikin ceto da sintiri kawai.

Na biyu, a zauna da shugabannin masunta a raba tafkin: wurin kamun kifi, wurin shayarwa, hanyar kwale-kwalen baƙi, da wuraren da ba a shiga lokacin ƙwai. A fara da tazarar mita 180, a gyara ta bayan an auna halin tsuntsayen wurin.

Na uku, a ƙayyade yawan kwale-kwalen da za su fita a lokaci guda, tunda misalin Ostireliya ya nuna yawa kaɗai yana cutarwa.

Na huɗu, jagorori su fito daga cikin masunta, a horar da su kan sanin tsuntsaye da ceto, a tilasta rigar kariya da ƙayyade lodi. Haɗarin kwale-kwale a yankinmu ya sha lashe rayuka saboda lodin da ya wuce ƙima.

Na biyar, a riƙa ƙirga tsuntsaye kowace shekara a lokaci ɗaya, jami'a ta riƙe alƙaluman, a ware wani kaso na kuɗin shiga don wannan aiki da yaƙi da cikewar tafkin da yashi.

7.0 Kammalawa

A Ostireliya da Zanzibar da Hawai, doka mai tsauri ta zo ne bayan an zuba jari kuma an ga ɓarna, lokacin da janye lasisi ya zama rigima. Madarumfa tana da damar yin rigakafi. Bayanan da aka tattara sun nuna tafkin ya yi ƙanƙanta, ya yi rashin zurfi, kuma jama'ar da ke ci daga gare shi sun yi yawa, ba zai ɗauki jiragen gudu ba. Zai iya ɗaukar yawon kallo a kwale-kwale, mai iyaka, a hannun masunta. Alhakin tsara wannan yana kan hukumar gari da masarauta da jami'a, kuma aikin farko shi ne ƙidayar tsuntsaye da taswirar rabon tafkin, domin a kansu kowace doka za ta tsaya.