Ciyayya: Tarihin Akushin da ke Ƙetare Danga

A ƙasar Hausa ta Nijar, tun daga Dogon Dutsi har Damagaram, akwai wata tsohuwar al'ada wadda littattafan tarihi ba su cika kula da ita ba, domin ba ta da sarki kuma ba ta da ranar yaƙi. Sunanta ciyayya. Da almuru, idan uwargida ta kwashe tuwo, sai ta ware malmala biyu ko uku a akushi, ta aiki yaro ya kai gidan maƙwabta. Kafin lisha akushin ya komo da abin da aka dafa a can. Da wannan ƴar hidima kakanninmu suka hana cimaka lalacewa a gida ɗaya alhali ana kwana da yunwa a bayan danga.

Dalilin al'adar a fili yake. Hatsi ba ya zama tuwo sai ya sha sussuka da surfe da daka, kuma zafin ƙasarmu ba ya barin dafaffen abinci ya daɗe. Saboda haka aka yi wa kowane saura gurbi. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame. Ƙanzon gindin tukunya a shanya shi, a yi kwaɗo. Dusa da ƙasari rabon bisashe ne. Abin da ya rage bayan wannan, almajiri na bakin zaure da ƙoƙonsa. A gona ma haka ne: dami ɗaya cikin goma na zakka ne, sannan a bar marasa ƙarfi su yi kala bayan girbi.

Sai dai ciyayya ta bambanta da sadaka. Sadaka daga sama take sauka, ita kuwa ciyayya ƙwarya ce ke bin ƙwarya. Tun da kullum akushi na shiga yana fita, ba mai gane gidan da bai aza tukunya ba a ranar. Mabukaci ya ci, mutuncinsa na nan. Bafaranshen nan Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazari a yankin Maraɗi, ya wallafa littafi a 1986 kan musayar kyauta tsakanin Hausawa, inda ya nuna cewa kyauta na tafiya kafaɗa da kafaɗa da kasuwa a rayuwar jama'a.

Tarihin yunwa ya gwada wannan al'ada sau da yawa. An yi Kakalaba a 1913 zuwa 1914. Bayan yunwar 1931, wadda fara ta haddasa kuma haraji ya tsananta, Nasara suka tilasta wa talakawa zuba hatsi a rumbun tsimi, makulli a hannun hukuma, abin da jama'a suka ɗauka wani harajin ne. Bayan ƴancin kai an kafa OPVN a 1970, amma farin 1973 ya fi ƙarfinta, kuma zargin karkatar da taimakon cimaka na cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar sa'ad da ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Aka sake shan wuya a 1984, sannan a 2005. Gaskiya ita ce, a irin waɗannan shekaru ciyayya kanta takan ƙanƙance, domin kowa rumbunsa wayam. Ƙarfinta yana ga yunwar kowace shekara, ta tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Rumbun hukuma na jiran takarda da jerin sunaye. Akushin maƙwabciya kuwa sallama kawai yake jira.

Birni ya sauya lamarin. A sababbin unguwannin Yamai da Maraɗi da Tawa, katangar siminti da ƙofar ƙarfe sun maye gurbin danga, ɗan haya bai san sunan na kusa da shi ba. Firigo ya karɓi aikin maƙwabci, ga shi kuwa idan wuta ta ɗauke sai juji. Shinkafar biki da ta suna kan kwana cikin leda a bakin hanya. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a 2022 an zubar da cimaka tan biliyan 1.05 a duniya, kashi 60 cikin 100 daga gidaje, kuma ɓarnar ba ta tsaya ga ƙasashe masu arziki ba.

Duk da haka al'adar ba ta mutu ba. Da azumi kunu da ƙosai na ƙetare titi kafin a sha ruwa. Da layya ana gasa raguna a ranar salla, washegari yara su bazu da faranti gida-gida. Abin da muke iyawa cikin wata ɗaya da kwana biyu, iyayenmu sun yi shi shekara cur. Uwargidan da ta ga saura a tukunya yau da dare ta san ƙofar da za ta aika, muddin ta san sunan mai gidan.