Neman madogara da ƙirƙirarriyar basira: abin da ya kamata ɗalibi mai bincike ya sani

Ɗalibin da ke zaune a Agege, wanda yake karatu a Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo ko Jami'ar Legas da ke Akoka, ya san cewa zuwa ɗakin karatu ba ƙaramin aiki ba ne. Ga kuɗin mota, ga cunkoson hanya, ga shi kuma wasu daga cikin 'ya'yan Hausawan unguwar suna haɗa karatu da zaman shago ko rumfar kasuwa. Wannan ne ya sa manhajojin bincike masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, suke da farin jini a wurin irinsa. Yana zaune a gida zai rubuta tambaya a wayarsa, kafin shayi ya huce an jero masa muƙalu tare da taƙaitaccen bayanin abin da suka ƙunsa.

Sauƙin gaskiya ne. Sai dai kundin digiri abu ne da ake karewa a gaban malamai, kuma madogara guda ta bogi ta isa ta zubar da aikin shekara guda.

Mece ce manhajar?

A da, mai neman littafi a laburare yakan buɗe akwatin katuttuka ya bi sunan marubuci ko na littafi. Da kwamfuta ta shigo, sai aka koma rubuta muhimman kalmomi, na'ura ta fito da duk rubutun da ke ɗauke da su. Google Scholar, wanda ya fara aiki a 2004, ya kai wannan salo hannun duk mai intanet. A 2015 cibiyar Allen da ke Amurka ta fito da Semantic Scholar, wanda ke amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tace muƙalu.

Babban sauyi ya zo ne bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022. Daga nan manyan kamfanonin da ke sayar wa jami'o'i rumbunan bayanai suka shiga ɗora irin wannan fasaha a kan hajarsu. JSTOR ya fara gwada tasa a 2023. Kamfanin Elsevier ya fito da Scopus AI a farkon 2024, a cikin wannan shekara kuma Clarivate ya fito da mataimakan bincike na Web of Science da na Primo, wato tsarin da ɗakunan karatu da dama ke amfani da shi wajen neman abin da suka mallaka. Akwai kuma masu zaman kansu irin su Elicit da Consensus, waɗanda ake iya amfani da wani ɓangare nasu kyauta.

Yadda take aiki

Aikin hawa uku ne. Da farko manhajar takan karɓi tambayar da aka yi mata da cikakkiyar jimla, ta mayar da ita kalmomin nema, ko kuma ta auna ma'anarta da lissafi domin ta gano rubuce-rubucen da suka yi kusa da ita ko da kalmominsu sun bambanta. Na biyu, sai ta shiga rumbun da aka ɗora ta a kai ta zaƙulo waɗanda take ganin sun fi dacewa. Na uku, sai ta rubuta taƙaitaccen bayani daga 'yan kaɗan da ta zaɓa, ta sa wa kowace magana lambar da ke nuna inda aka samo ta.

A nan ne ta bambanta da manhajar hira zalla. Manhajar hira da ba a haɗa ta da wani rumbu ba tana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne, don haka idan aka nemi ta kawo manazarta tana iya ƙaga sunan marubuci da na mujalla da shekara da lambar shafi, su fito tsaf kamar gaske. A watan Yunin 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar wa kotu hukunce-hukuncen da ba a taɓa yi ba, waɗanda ChatGPT ya ƙirƙira musu. Manhajar laburare ta rage wannan haɗari matuƙa, domin muƙalun da take nunawa suna nan a rumbu.

Ragewa dai ba kawarwa ba ce. Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji tsakuren muƙala kawai suke karantawa, wato 'yan layukan nan da marubuci kan sa a farko, ba su shiga cikin muƙalar. Wasu kuma, kamar ta Primo, daga madogara biyar suke gina amsarsu. Saboda haka ana iya samun muƙala ta gaskiya, marubuci na gaskiya, amma an jingina masa maganar da bai faɗa ba, ko an yar da sharaɗin da ya gindaya mata.

Gwaji da tarihin Agege

A ɗauki misalin ɗalibin da aka amince masa ya yi kundi a kan fataucin goro da zaman Hausawa a Agege. Batu ne mai tushe: layin dogo da ya tashi daga Legas ya bi ta Agege, ya isa Ibadan a 1901, daga baya ya kai Kano, kuma wannan hanya ta sauƙaƙa jigilar goro zuwa Arewa da gangarowar shanu zuwa Kudu.

Idan ya rubuta tambayar da Hausa, abin da zai samu ba zai taka kara ya karya ba, domin mafi yawan abin da ke cikin manyan rumbunan da Ingilishi aka rubuta shi. Dole ya fara da Ingilishi. Daga nan kuma sai matsalar sunaye ta taso. Abin da Bahaushe ke kira zango, a ƙasar Yarabawa ana rubuta shi Sango, a Gana kuma Zongo. Unguwar Hausawa a Ibadan Sabo ake ce mata. Gwanja ta fatake ita ce Gonja a littattafan Turawa, Ikko kuma ita ce Legas. Manhajar da ke auna ma'ana tana iya haɗa wasu daga cikin waɗannan, amma babu tabbacin za ta haɗa duka, kuma kalma irin Sango tana iya kai ta wani fagen daban, tunda haka ake rubuta sunan abin bautar nan na gargajiyar Yarabawa. Mai hikima yakan maimaita tambayar da kowane rubutu, ya kwatanta abin da ya fito.

Ya kamata kuma ya faɗaɗa ƙasa. Wanda ya tsaya a kan kalmar Agege kaɗai zai iya ƙarewa da muƙalu kan noman koko da burodi da mayankar Oko-Oba, ya rasa ayyukan da su ne ginshiƙin fagen. Littafin Abner Cohen na 1969, Custom and Politics in Urban Africa, a kan Hausawan Sabo na Ibadan yake, amma babu mai rubutu a kan zangon Hausawa a ƙasar Yarabawa da zai tsallake shi. Haka littafin Mahdi Adamu na 1978, The Hausa Factor in West African History, da na Paul Lovejoy na 1980, Caravans of Kola. Tsofaffin littattafai irin waɗannan su ne suka fi kuɓuce wa manhajar da ta karkata ga muƙalun mujallu na baya-bayan nan. Hanya mafi sauƙi ta kama su tsohuwa ce: a buɗe muƙalu uku ko huɗu da manhajar ta kawo, a duba manazartarsu, a lura da sunayen da ke ta maimaituwa.

Tambaya ma tana da nata ladabin. Wadda ta yi faɗi, kamar neman tarihin Hausawa a Legas gaba ɗaya, amsa maras gishiri take jawowa. Wadda ta ambaci wuri da zamani da sana'a, misali rawar da fatomomi, wato masu saukar da baƙi, suka taka a cinikin goro a Kudu maso Yamma a zamanin mulkin mallaka, ta fi kawo abin da za a yi aiki da shi.

Abin da ba ya cikin rumbu

Wannan shi ne babban abin lura ga mai bincike a kan al'ummarmu. Manhaja ba ta ganin abin da ba a zuba a rumbunta ba, kuma ba lallai ne ta sanar da mai tambaya iyakar ganinta ba. Ɗalibi na iya ganin amsa ta fito fayau ya rubuta a babi na biyu cewa ba a taɓa yin aiki a kan batunsa ba, alhali akwai kundaye a kai a kantocin Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko a Jami'ar Bayero da ke Kano. Irin wannan iƙirari ne malamai suka fi saurin kamawa ranar kare kundi.

Mujallun nazarin Hausa, irin su Harsunan Nijeriya da Algaita na Kano, da Harshe ta Zariya, da Ɗunɗaye ta Sakkwato, tsofaffin fitowarsu galibi a takarda ake samun su. Fayilolin zamanin Turawa suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Ibadan da Kaduna da Inugu, wasu takardun kuma suna Gidan Arewa a Kaduna. Rubutun ajami na hannu har yanzu yana yi wa na'ura wuyar karantawa.

A cikin Agege kanta akwai misali. Markaz, makarantar Larabci da addinin Musulunci da Shaihu Adam Abdullahi Al-Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ta dawo Agege, ta yaye ɗalibai masu yawa, shi kansa Shaihun, wanda ya rasu a 1992, ya bar littattafai da dama da Larabci, har da na tarihin Musulunci a Najeriya da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Manhaja za ta iya kawo abin da aka rubuta game da shi da Ingilishi, amma wanda ke son abin da shi ya rubuta, zai fi saurin samu idan ya taka zuwa makarantar. Haka nan labarin wane ne ya fara sauka a zango, wa ya gaje shi, yaushe sarautar Sarkin Hausawa ta kafu, a bakin dattawa da fada ake jin sa.

Ga muƙalun Afirka na zamani, yana da kyau a haɗa da African Journals Online, wanda aka kafa a 1998, domin yana ɗauke da mujallun Najeriya da yawa da ba su shiga manyan rumbunan ƙasashen waje ba.

Tantancewa

Ɗaliban ilimin hadisi sun san ba a karɓar magana sai an duba isnadinta, kuma wannan ɗabi'a ce ake buƙata a nan. Duk madogarar da manhaja ta kawo, a buɗe ta a karanta, a nemo shafin da maganar take. Yawancin muƙalun zamani suna da lambar shaida da ake kira DOI, wadda idan aka saka ta a shafin doi.org za ta kai mutum ga muƙalar kai tsaye. A duba ko mujallar ba ta janye muƙalar ba, domin akan janye aiki idan an gano kuskure ko maguɗi, amma sunansa ya ci gaba da yawo. A kuma yi hattara da mujallun 'yan ci-da-buga, waɗanda ke karɓar kuɗi su wallafa komai ba tare da masana sun duba ba.

A cikin kundi, muƙalar da aka karanta ake kafa hujja da ita, ba taƙaitawar manhaja ba. Kwafe taƙaitawar a manna ta a matsayin rubutun kai yana iya shiga babin satar fasaha. Yana da amfani kuma a riƙa adana tambayar da aka yi da ranar da aka yi ta, saboda tambaya ɗaya tana iya ba da amsa daban gobe.

Ƙa'ida da hanyar samu

A 2023 kwamitin ladubban wallafa na duniya, COPE, ya bayyana cewa ba za a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira a jerin marubutan muƙala ba, tunda ba ta iya ɗaukar alhakin abin da aka rubuta, sannan wanda ya yi amfani da ita ya bayyana yadda ya yi. A watan Satumban shekarar hukumar UNESCO ta fitar da jagora kan amfani da wannan fasaha a fagen ilimi da bincike. Dokokin jami'o'i da na sassa sun bambanta, don haka ɗalibi ya tambayi malamin da ke duba aikinsa tun kafin ya fara.

Akwai kuma batun amana. Wanda ya yi hira da 'yan kasuwa a Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago, kada ya ɗora rubutun hirar da sunayen mutane a kan manhaja ba da yardarsu ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan masu sarrafa bayanan wasu.

Scopus AI da makamantanta na kuɗi ne, jami'a ce ke biya, ɗalibi kuma ya shiga da lambar da laburare ya ba shi, sau da yawa ko daga gida. Cibiyoyin da suka yi rajista da shirin Research4Life suna samun dubban mujallu kyauta ko a farashi mai rahusa. Ma'aikacin laburaren jami'a ne ya san rumbunan da aka biya wa kuɗi a bana da waɗanda wa'adinsu ya ƙare, kuma a wurinsa ake karɓar lambar shiga.