Furen Kala Lili: Asalinsa da yadda ake renonsa

Furen Kala Lili, wanda masana tsirrai ke kira Zantedeschia, ɗan asalin kudancin Afirka ne, inda yake tsirowa da kansa a fadamu da bakin rafuka a ƙasashen Afirka ta Kudu da Lesotho da kuma Eswatini.

An dai raɗa masa wannan suna ne a shekarar 1826 domin karrama wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Italiya, Giovanni Zantedeschi.

Tsiron dangin gwaza ne, kuma tsayinsa kan kai mita ɗaya. Farin ɓangaren nan mai kama da mazurari, ganye ne da ya rikiɗa. Ainihin furannin ƙanana ne, suna jere a jikin wani ɗan sanda mai ruwan ɗorawa da ke tsakiya.

A ƙasashen Turai da Amurka ana yawan amfani da shi wajen bukukuwan aure da kuma jana'iza.

Shuka da ban ruwa

Ana shuka saiwarsa ne, wadda ta yi kama da gwaza, a rami mai zurfin santimita 10, tare da barin tazarar kimanin santimita 30 tsakanin kowace shuka. Yana son ƙasa mai taki, kuma a wurare masu zafi ya fi jin daɗin ranar safe da inuwar yamma.

Sai dai wajen ban ruwa ne akasarin masu renonsa ke yin asara, domin kuwa iri biyu ne.

Farin yana son danshi kodayaushe, har a cikin taɓo yana rayuwa. Amma masu launin ɗorawa ko ja-ja, saiwarsu kan ruɓe idan ruwa ya kwanta musu. Da zarar sun gama fure ganyensu ya fara bushewa, akan daina ba su ruwa na tsawon wata biyu zuwa uku domin saiwar ta huta.

Haɗarinsa

Duk sassan tsiron na ɗauke da wani sinadari mai haddasa ƙaiƙayi da kumburin baki da maƙogwaro, irin wanda ke cikin ɗanyen gwaza. Saboda haka ya kamata a nisanta shi daga yara da dabbobi.

A jihar Yammacin Ostareliya kuwa, inda ya kuɓuce daga lambuna ya mamaye makiyaya, hukumomi sun sanya shi cikin jerin mugayen ciyayi, sun kuma haramta sayar da shi.