Layin dogon Yamai zuwa Doso: yadda aka ba da kwangilar da inda ta maƙale

Duk wanda ya bi hanyar Doso zuwa Yamai ya ga ƙarafan dogo shimfiɗe a gefen kwalta, amma babu jirgi a kai. Ga tarihin aikin a taƙaice.

Layin yana da tsawon kilomita kusan 140. Kamfanin Bolloré na Faransa ne ya gina shi. An ƙaddamar da aikin a watan Afrilun 2014, shugaba Mahamadou Issoufou kuma ya buɗe shi a watan Janairun 2016, ana gab da zaɓe. Niyyar ita ce a sada shi da dogon Benin wanda ya tsaya a Parakou, kaya da fasinja su riƙa tasowa tun daga tashar ruwan Kwatano.

To, matsalar daga wurin ba da kwangilar take. Tun kafin zuwan Bolloré, Nijar da Benin sun kira kamfanoni takara, kamfanin Petrolin na attajirin Benin Samuel Dossou ya ci. Sai ga shi an miƙa wa Bolloré aikin kai tsaye, ba tare da wata sabuwar takara ba. Dossou ya kai ƙara. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta ce a dakatar da aikin a ɓangaren Benin, a 2017 kuma kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin. Shi ke nan, namu dogon ya tsaya a Doso, ba gaba ba baya.

Akwai kuma ja-in-jar manyan ƙasashe. A 2018 shugaba Patrice Talon ya nemi ɓangarorin biyu su janye, a bar wa Sin aikin, yana ganin ita ke da kuɗin yin dogo na zamani.

Maganar cin hanci fa, a nan sai a yi hattara, don mutane na yawan cakuɗa abubuwa. Shari'ar da aka yi wa Bolloré a Faransa ta tashoshin ruwan Lome da Konakiri ce, inda aka zarge shi da taimaka wa yaƙin zaɓen shugabanni don samun kwangila. A 2021 kamfanin ya amince ya biya yuro miliyan 12 kan batun Togo, wato kusan miliyar 8 na sefa. A 2022 kuwa ya sayar da harkokinsa na sufuri a Afirka ga kamfanin MSC.