Kwangila Ɗaya, Zane da Gini: Labarin Matatar Ruwan Teku ta Tampa

Mai karatu, idan ka taɓa gina ɗaki ka san wannan rigimar: bango ya tsage, magini ya ce laifin zane ne, mai zane ya ce ba a bi zanensa ba, kai kuma da kuɗinka ka tsaya a tsakiya. To, haka hukumomin ruwa suka daɗe suna fama. Tsohuwar hanya ita ce a ba injiniyoyi zane, a kammala, sannan a kira 'yan kwangila su yi gasar gini. Daga baya sai wasu suka ce a haɗe zane da gini a hannun kamfani guda, in an samu matsala a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Dabarar na rage lokaci kuwa, domin ana iya fara tono tun zane bai ƙare ba. Amma bari ka ji yadda ta kaya a yankin Tampa da ke jihar Fulorida a Amurka.

Yankin ya dogara ne da rijiyoyin burtsatse. Da jama'a suka ƙaru, aka yi ta zuƙo ruwan ƙasa har tafkuna da fadamu suka fara ƙafewa, ƙananan hukumomi suka shiga maka juna a kotu. A 1998 aka kafa hukumar Tampa Bay Water, aka ɗora mata nemo wasu hanyoyin samun ruwa. Ɗaya daga ciki ita ce cire gishiri daga ruwan teku, lita miliyan 95 a kowace rana, a wata matata kusa da tashar lantarki ta Big Bend.

A 1999 hukumar ta ba kamfanonin Poseidon Resources da Stone & Webster kwangilar. Ba ta tsaya a zane da gini ba ma: su za su nemo jari, su mallaki matatar, su gudanar da ita shekara 30, hukuma ta riƙa sayen ruwa kawai. A takarda dai, kusan duk kasadar tana wuyan kamfani.

Ba a je ko'ina ba, a 2000 Stone & Webster ya durƙushe. Poseidon ya ɗauko Covanta ya maye gurbinsa, shi ma uwar kamfaninsa ta karye a 2002. Bashin da za a yi aikin da shi ya gagara samuwa, sai hukumar ta saye aikin daga hannun Poseidon a shekarar, ta bar Covanta ya ci gaba da gini. Ka lura da nan sosai: matatar ba ta riga ta nuna za ta yi aiki ba, amma ta zama ta hukuma. Kasadar da aka tura wa kamfani ta dawo gida.

A 2003 matatar ta fara fitar da ruwa, amma ta faɗi gwajin karɓar aiki na kwana 14. Me ya faru? Irin wannan matata tana tura ruwan teku da ƙarfi ne ta cikin wani tantani mai ramuka ƙanana ƙwarai, ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. Tantanin ga tsada ga rashin haƙuri da datti, don haka dole a tace ruwan tas kafin ya iso gare shi. Matatun yashi da aka zana don tacewar farko sun gaza, abubuwan tacewa na gaba suka riƙa toshewa da wuri, tantanin ya riƙa ƙazancewa. Kafin ƙarshen shekarar, reshen Covanta mai ginin shi ma ya karye. Karaya uku ke nan a aiki ɗaya.

A 2004 hukumar ta ɗauko American Water da Pridesa na ƙasar Sifen su gyara. Suka sake fasalin tacewar farko, suka ƙara matakai. Sai a ƙarshen 2007 matatar ta ci gwajinta. Aikin da aka yi wa kiyasin dala miliyan 110 ya tashi a miliyan 158.

To, laifin haɗa zane da gini ne? Ba lallai ba, domin gyaran ma masu zanensa su suka gina shi, su kuma suka ci gaba da gudanar da matatar, kuma ya yi. Abin da tarihin ya nuna shi ne, alkawarin kamfani bai fi ƙarfin aljihunsa ba, saboda haka a binciki aljihun kafin a sa hannu, a kuma karɓi jingina mai nauyi. Na biyu, tunda hukuma ba ita ke zane ba, makaminta shi ne sharuɗɗan da ta rubuta: ruwa nawa, mai wane irin tsabta, na kwana nawa a jere. Gwajin kwana 14 ɗin nan shi ya ba hukumar hujjar ƙin karɓar aikin da bai nuna ba. Na uku, a gwada dabarar tacewa a ƙaramar matata, da ainihin ruwan wurin, rani da damina, kafin a zuba siminti.

Kuma ko da kamfani ɗaya ne ya riƙe komai, hukuma na bukatar injiniyoyinta da za su karanta zane su ce "a'a, nan akwai gyara". Ranar da famfo ya ƙafe, mutanen gari ba sa neman ofishin ɗan kwangila, wajen hukumar ruwa za su tafi.