Abin da ya kai Gambo Sawaba Abeokuta

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

A taronmu na ƙungiya da ya wuce, da aka zo maganar zaɓen shugabanni, wata ƙanwarmu 'yar aji uku ta tambaya ko mace za ta iya neman sakatare. Aka yi dariya, wani ya ce ai mata suna da kujerarsu ta walwala, wato dafa abincin walima. Wani kuma ya ce wannan ɗabi'ar 'yan Kudu ce muka kwaso. Ban ce komai ba a wurin, kuma har yanzu shirun da na yi yana damuna, don a daidai wannan lokacin ina tsakiyar karatu ne kan matan Abeokuta saboda wata semina ta digiri na biyu.

A shekarun 1940 matan Egba suna biyan haraji na kansu, daban da na mazajensu, amma ba su da ko mutum ɗaya a majalisar Alake, sarkin garin. Ga kuma 'yan doka suna ƙwace wa 'yan kasuwa shinkafa da sunan dokar kayyade farashi ta lokacin yaƙi. Funmilayo Ransome-Kuti a lokacin tana jagorantar wani kulob na matan da suka yi boko, masu shan shayi da koyon ɗinki. Da suka fara koya wa matan kasuwa karatu da rubutu, sai suka ji abin da ake yi musu. A 1946 kulob ɗin ya zama ƙungiyar matan Abeokuta gaba ɗaya. Ita Funmilayo da ta yi karatu a Ingila ta ajiye kayan Turawa, ta koma ɗaura zane, tana jawabi da Yarbanci. A ƙarshen 1947 dubban mata suka yi zaman dirshan a ƙofar fadar Ake, suna kwana a wurin suna waƙoƙin zambo. Idan an hana su izinin zanga-zanga sai su ce ai biki suke yi. Aka soke harajin, mata suka samu kujeru a majalisa, a Janairun 1949 Alake Ademola ya sauka daga mulki, ko da yake ya dawo daga baya.

To ina ruwanmu? Labarin nan ya isa Sabon Garin Zariya, kunnen wata yarinya mai suna Hajaratu, wadda aka haifa a 1933, ake ce mata Gambo saboda ta biyo tagwaye. Mahaifinta ɗan Gana ne, mahaifiyarta Banufiya. Ta rasa su duka tana ƙarama, karatunta bai wuce firamare ba, aka yi mata aure tana da shekara 13. Da aka kafa NEPU a Kano a 1950 ta shiga, ta zama shugabar mata, taken jam'iyyar na Sawaba ya manne wa sunanta har ta mutu. Wannan yarinya ce ta ɗauki ƙafa ta tafi Abeokuta ta sami Funmilayo, wadda ta girme ta da shekara 33, don ta ga yadda ake tara mata.

Wannan tafiyar ce ta fi tsaya mini a rai. Ba yare ɗaya ba, ba addini ɗaya ba, ɗaya 'yar boko matar shugaban makaranta, ɗaya marainiya. Ni da nake zaune a ƙasar Yarbawa shekara biyu, wallahi ban taɓa shiga taron wata ƙungiyar mata da ba tamu ba. Daga ɗaki sai aji, sai masallaci, sai Sabo cin tuwo.

Kada kuma a ɗauka kwafo ta yi ta dawo da shi. Matan Abeokuta suna da kasuwa, can suke haɗuwa kullum, ba sai an kira su ba. Gambo kuwa da yawan matan da take nema suna cikin kulle, sai dai ta bi su gida gida, inda namiji ɗan siyasa ba ya iya shiga. Kuma abin da ta gamu da shi ya fi tsanani: kotunan alƙalai na En'e, gidan yari sau 16 kamar yadda masu tarihinta suka ƙirga, kora daga Kano, ga dukan 'yan daba. Maganganunta su ne auren wuri, aikin tilas, ilimin 'ya'ya mata da 'yancin jefa ƙuri'a.

A nan ne abin ya yi ɗaci. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba, don NPC ta ƙi, kuma jam'iyyun Kudu ba su ga abin da zai sa su ɓata lissafin mulki a kan wannan ba. Na san da yawanmu ba ma son a taɓa gwamnatin Sardauna, ni ma gidanmu hotonsa na rataye a falo, amma abin da ya faru ke nan. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, ƙarƙashin soja, kakanninmu mata suka fara layin zaɓe, shekara 17 bayan zaɓen 1959. Funmilayo ta rasu a 1978 bayan raunin da ta samu lokacin da sojoji suka kai farmaki gidan ɗanta Fela. Gambo ta kai Jamhuriya ta biyu, ta riƙe mataimakiyar shugaban GNPP, ta rasu a 2001. Yau akwai babban asibiti da sunanta a Zariya.

Saboda haka ɗan uwana da ya ce ɗabi'ar 'yan Kudu ce, rabin maganarka gaskiya ne: Gambo ta zo Kudu ta koya. Amma a Zariya da Kano aka ɗaure ta, da Hausa kuma ta yi duk jawabanta.

Na duba kundin tsarin ƙungiyarmu jiya, babu layin da ya hana mace neman sakatare. Ƙanwar nan tamu ta ce za ta yanki fom idan ta samu mutum biyu da za su sa mata hannu. Na sa nawa, saura ɗaya, kuma ranar Juma'a ake rufewa.